Makaranta da Gari: Darasi Daga Gudun Hijirar Mubi, 2014

Gabatarwa

Manufarmu a wannan 'yar maƙala ita ce mu waiwayi dangantakar manyan makarantu da al'ummar da suke zaune a cikinta, ta hanyar duba abin da ya sami Mubi. Dangantakar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Tun zamanin tsangaya gari ke ciyar da almajiri, shi kuma malami ya saka wa gari da karatu. Haka nan al'adar gayya ta koya mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mubi da Makarantunta

Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, wadda ta haɗe Arewacin Kamaru da Nijeriya. A 1982 aka mayar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya daga Yola zuwa Mubi, sannan a 2002 aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa. Ɗalibai da yawa sun kama haya a unguwanni, suka zama 'yan gari. Don haka lokacin da 'yan bindiga suka afka wa unguwar Wuro Patuji a Oktoban 2012, suka kashe ɗalibai da mazauna unguwar, makoki ɗaya gari da makaranta suka yi.

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, Boko Haram ta kama Mubi. Aka rufe makarantu, jama'a suka watse, wasu Kamaru, wasu Yola. Mafi yawan waɗanda suka isa Yola a gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, gidajen da su ma abincin bai ishe su ba.

Rawar da Jami'a Ta Taka

A nan ne Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin, Margee Ensign, ta yi abin a yaba. Tun a 2012 ta haɗa kai da limamai da fastoci da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa. Da masifa ta auko, wannan ƙungiya ce ta zama hanyar raba masara da shinkafa da wake a masallatai da majami'u, ciki har da Majami'ar Santa Teresa ta Bishof Stephen Mamza. Ɗalibai da ma'aikata suka yi aikin sa-kai wajen rabon. Bisa ƙididdigar jami'ar, mutum fiye da 250,000 aka ciyar.

Abin lura shi ne, shugabannin addinin sun san unguwa-unguwa, sun san wane gida ne ya karɓi baƙi. Jami'ar kuwa tana da ma'aikata da hanyar neman gudummawa daga waje. Amanar da ta haɗa su ta shekara biyu da ƙulluwa kafin ranar buƙata.

Kammalawa

A Nuwamban 2014 sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi, makarantu suka sake buɗewa daga bisani. Abin da ya rage gare mu, malamai da ɗalibai, shi ne mu ƙulla irin wannan zumunci da unguwanninmu tun ana zaune lafiya: mu buɗe ɗakin karatu ga yaran gari, mu koyar da manya yaƙi da jahilci, mu san masu unguwa su san mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.