Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Jibiya: dalilin da ya sa take saurin cinyewa

A cikin tayoyin gwanjo da ke yawo a hanyar Katsina zuwa Jibiya, har su ƙetara ta Magama da Mazanya su nufi Ɗan Isa da Maraɗi, akwai wani nau'i da ba a ƙera shi domin wannan ƙasa ba. Ita ce tayar da Turawa ke sa wa mota a lokacin sanyi mai ƙanƙara. Wasu sun zo ne a ƙafafun motocin da aka sauke a Kwatano aka biyo da su ta Nijar, wasu kuma a ɗaure ake shigo da su, duk da cewa tayar gwanjo tana cikin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008, kasuwar taya ta koma dogaro da ƙasashen waje.

Ba ta da wuyar ganewa. A gefenta akwai hoton dutse mai kawuna uku da tauraron ƙanƙara a tsakiya, galibi tare da haruffan M+S, fuskarta kuma cike take da ƙananan tsage masu kama da zanen reza.

Abin da ke ruɗin mai saye shi ne zurfin zane. Sabuwar tayar ƙanƙara tana da zurfin milimita 8 zuwa 9. A ƙasar Austiriya doka ta daina ɗaukar ta a matsayin tayar sanyi da zarar ta gaza milimita 4, alhali iyakar taya ta yau da kullum a Turai milimita 1.6 ce. Saboda haka abin da Bature ya yar, a idon direban Jibiya kusan sabo ne.

Matsalar tana cikin robar. An haɗa ta ne da taushi domin ta riƙe hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Hunturun Katsina da wuya ya kai nan, ko da asuba ne a watan Janairu, kuma kafin hantsi rana ta riga ta gasa kwalta. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A irin wannan yanayi robar takan ƙara laushi, ƙananan tsagen nan suna lanƙwashewa duk lokacin da aka taka birki ko aka karya kwana, sai hanya ta riƙa goge ta kamar sabulu. Tun kafin zanen ya ƙare ma, birkinta a busasshiyar kwalta mai zafi ya fi na tayar da aka yi domin zafi jan nisa.

Saurin cinyewar ya danganta da inda ake tuƙi. Doguwar tafiya da gudu a tsakar rana ita ta fi cin ta, domin zafin cikin taya yana taruwa ba ya samun sararin hucewa. Lodi yana ninka wannan: motar da aka cika da fasinja da buhuna har bayanta ya sunkuya, gefen tayarta yana lotsawa a kowane juyi, wannan lotsawa kuwa ita ke haifar da zafin da ke raba roba da wayar ciki. Daga nan fashewa take fitowa. Tsayawa da tashi a shingayen jami'an tsaro, waɗanda hanyar Jibiya ta yi suna da yawansu, suna goge ƙafafun gaba. A burji, tsakuwa tana ɓantare roba mai taushi. Ramuka kuma ba zane suke ci ba, gefe suke kumburawa. A yashi da taɓon damina ne kawai ta ɗan fi 'yar uwarta riƙo, wannan kuma bai isa ya biya asarar sauran watanni ba.

Akwai al'adar rage iska domin ratsa yashi, a hau kwalta ba a mayar ba. Tayar da iskarta ta gaza, gefunanta biyu ke cinyewa. Wadda aka cika fiye da kima, tsakiyarta. Da safe ya kamata mai faci ya auna, kafin taya ta ɗauki zafi, da awon da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Shekaru ma suna aiki ko da zane na nan. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Tayar ƙanƙara kuwa watanni kaɗan take aiki a shekara a can Turai, sauran lokacin tana ajiye, don haka takan iso Jibiya da zane mai kyau bayan wa'adin ya daɗe da wucewa.