Azitromaisin da yaƙi da amodari a jihar Maraɗi

Azitromaisin ɗaya ne daga dangin magungunan da ake kira makrolid, waɗanda ƙirarsu zobe ce babba da wasu ƙwayoyin sukari ke rataye a jikinta. Kakan dangin shi ne eritromaisin, wanda kamfanin Eli Lilly ya fitar a 1952 daga wata ƙasa da aka ɗebo a Iloilo ta Filifin. Aikin magungunan dangin shi ne su maƙale a inda ƙwayar cuta ke ƙera furotin, su toshe hanya, har ta kasa hayayyafa. Sai dai eritromaisin ba ya jure tsamin ciki. A 1980 masanan kamfanin Pliva na Zagreb suka cusa naitirojin cikin zoben, aka sami azitromaisin, maganin da ke yin kwanaki a jiki bayan sha ɗaya.

Wannan sha ɗaya ne ya sauya lamarin ciwon ido na amodari a ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Da can man ido na tetarasaikilin ake sawa, safe da yamma, har mako shida; uwar da ke tsakanin rijiya da gona da turmi da wuya ta kai ƙarshe. Da kamfanin Pfizer ya fara ba da azitromaisin kyauta a 1998, sai rabo ya yiwu gari guda, ana auna yaro da sandar tsawo. Binciken MORDOR da aka buga a 2018 ya ƙara nuna cewa ba yara maganin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin ɗari a jihar Doso ta Nijar.

Masu tsoron cewa ƙwayoyin cuta za su saba da maganin suna da hujja, domin a Nijar ɗin aka ga haka bayan rabon. Amma wannan dalilin taƙaita rabo ne da sa masa ido, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2020, inda ta tsayar da shawararta ta rabon rage mutuwar yara kan jarirai 'yan wata 1 zuwa 11. Hana shi baki ɗaya barin yara ne ga makanta. Abin da ke tilasta maimaita rabon shi ne ƙarancin ruwan wanke fuska da rashin masai, inda ƙudaje ke ɗaukar cutar daga ido zuwa ido, don haka kowane famfo da aka haƙa yana rage yawan maganin da za a sha.