Tambaya Kafin Lissafi: Nazari a Kan Yadda Ake Koyar da Ƙididdiga a Manyan Makarantunmu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗaliban jami'o'i da kwalejoji ke amfani da dabarun ƙididdiga a kundayen kammala karatu. Hujjarta ita ce, an fifita haddar ƙa'idojin lissafi da latsa manhaja a kan tsara bincike da fahimtar sakamako. Ta kawo misalai daga tarihin fannin, sannan ta ba da shawarwari ga malamai da masu duba kundi.

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen ɗalibai a sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa ya san fasalin babi na uku da na huɗu tun kafin ya buɗe. Za a ambaci yawan jama'a, a kawo ƙa'idar Taro Yamane, a raba takardun tambayoyi, a zuba amsoshi cikin manhajar SPSS, a ƙare da cewa an karɓi hasashe ko an yi watsi da shi domin ƙimar p ta haura ko ta gaza 0.05. Ɗalibai da dama ma ba su ne ke yin wannan aiki ba. Shagon kwamfuta suke kai wa, a yi musu a kan farashi. Idan aka tambayi ɗalibi ranar kare kundi me lambar take nufi, sai ya yi shiru. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Abin da aka koya masa ya mayar, kuma an koya masa lissafi ne ba tare da tambayar da lissafin ke amsawa ba.

Yawan Samfuri da Ingancinsa

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce, "Malam, mutum nawa zan ɗauka?" Ƙa'idar Yamane, wadda ta shahara daga littafinsa na 1967, tana ba da amsa cikin sauƙi. Idan jama'a 10,000 ne, aka yarda da tazarar kuskure ta kashi 5 cikin 100, za a sami mutum 385. Idan miliyan ɗaya ne, adadin bai wuce 400 ba. Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗin da ake tsallakewa: dole a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa zai sami dama daidai da ta kowa. Ɗalibin da ya raba takardu 400 ga abokansa da maƙwabtansa da waɗanda ya tarar a bakin ofis ya cika adadi, amma ya karya sharaɗin da adadin ya dogara a kai.

Tarihi ya nuna illar wannan ƙarara. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika katunan jin ra'ayi kusan miliyan goma, ta karɓi amsoshi fiye da miliyan biyu, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsamo sunaye ne daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayenta, a lokacin da talauci ya addabi ƙasar, kuma waɗanda suka damu su mayar da katin sun bambanta da waɗanda suka yi shiru. George Gallup kuwa, da samfurin da bai kai ko kusa da wannan ba, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san wannan darasi: ko tiya goma aka ɗebo masa daga bakin buhu ba zai gamsu ba, sai ya soka ƙarfe ya zaro daga tsakiya da gindi.

Ana iya cewa a yankunanmu babu cikakken jerin sunayen jama'a da za a jefa ƙuri'a a kai. Gaskiya ne, amma akwai mafita da aka daɗe ana amfani da ita. Binciken Al'umma da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya bi matakai ne: an fara zaɓen yankunan ƙidaya, aka lissafa gidajen da ke cikinsu, sannan aka zaɓi gidaje daga jerin. Ɗalibi na iya yin ƙaramin kwatankwacin haka da unguwanni ko makarantu ko azuzuwa. Idan kuma hali bai ba shi ba, ya faɗi yadda ya sami mutanensa, ya taƙaita hukuncinsa a kansu.

Ƙimar p da Iyakarta

Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya yaɗa amfani da ma'aunin 0.05 ta littafinsa na 1925. Ma'anar ƙimar p ƙuntatacciya ce. Tana cewa: in da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, kuma sauran sharuɗɗan gwajin sun cika, yaya yiwuwar a sami sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi nisa? Ba ta faɗin yiwuwar hasashe ya zama gaskiya, ba ta kuma faɗin girman bambancin ko amfaninsa. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa mai ƙa'idoji shida domin jaddada wannan, saboda yadda kuskuren fahimtarta ya yi katutu har a tsakanin manyan masu bincike.

Abu biyu ya kamata kowane ɗalibi ya gani da idonsa. Na farko, samfuri mai yawa na iya fitar da ƙaramar ƙimar p a kan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Sabuwar hanyar koyarwa da ta ƙara rabin maki cikin ɗari na iya tsallake 0.05 idan yara dubbai ne, amma babu shugaban makarantar da zai sauya manhajar karatu dominta. Na biyu, wanda ya yi gwaji ashirin masu zaman kansu a inda babu wani tasiri ko kaɗan, yiwuwar aƙalla ɗaya ya faɗo ƙasa da 0.05 ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Mai binciken da ya ɓoye sha tara ya bayyana ɗaya ya yaudari mai karatu, ko da lissafinsa daidai ne. A 2015 mujallar Science ta buga rahoton gamayyar masana da suka maimaita bincike 100 na fannin halayyar ɗan'adam. Guda 97 daga cikin na asali sun tsallake ma'aunin, amma a maimaicin kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka tsallake.

Amsa ga Masu Wani Ra'ayi

Wasu malamai na ganin cewa aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da ƙarancin kwamfuta da wutar lantarki, ba su bar wata hanya ba sai ta rubuta ƙa'ida a allo a haddace. Wasu kuma na tsoron kada rage lissafi ya raunana fannin. Duka biyun suna da hujja, kuma wanda zai zama ƙwararren masanin ƙididdiga ba shi da makawa sai ya ƙoshi da lissafi. Amma yawancin masu ɗaukar wannan darasi malaman makaranta za su zama, da jami'an lafiya, da malaman gona, da 'yan jarida. Bukatarsu ita ce su iya karanta alƙaluma su gane inda suka fito da abin da za su iya ɗauka. Wannan kuwa ba ya bukatar na'ura mai tsada. A 1973 Francis Anscombe ya tsara rukunin bayanai huɗu, kowanne da ɗigo goma sha ɗaya, masu matsakaici ɗaya da ma'aunin dangantaka ɗaya, amma da zarar an zana su sai a ga siffofi huɗu mabambanta. Takardar zane da fensir sun isa a koyar da wannan cikin sa'a guda, kuma ɗalibin da ya zana shi da hannunsa zai riƙa duba bayanansa kafin ya amince da abin da manhaja ta fitar.

Shawarwari

Na ɗaya, a fara darasi da tambaya ta haƙiƙa, kamar wane irin gero ne ya fi yabanya a gonar gwaji, ɗalibai su tsara yadda za su tattara bayanai kafin a ambaci sunan kowane gwaji. Na biyu, a yi amfani da bayanan gida, irin waɗanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa a kan farashin kayan abinci. Na uku, a wajabta wa ɗalibi ya bayyana girman bambancin da ya samu da tazarar da ake zaton gaskiya na ciki, ya kuma faɗi gwaji nawa ya yi. Na huɗu, a koyar da manhajar R inda hali ya yi, domin kyauta ce kuma tana ajiye kowane mataki a rubuce. Na biyar, a nemi shawarar masanin ƙididdiga tun a matakin tsara bincike. Fisher ya yi wannan gargaɗi a wani jawabi a Indiya a 1938, inda ya kwatanta kiran masani bayan an gama gwaji da kiran likita ya binciki gawa.

Kammalawa

Gyaran yana hannun masu duba kundi da kwamitocin jarrabawa fiye da kowa, domin abin da ake tambaya ranar kare kundi shi ɗalibai ke koyo. Muddin lambar 0.05 ce ke ba da maki, shagunan kwamfuta za su ci gaba da sayar da ita. Ya kamata sassan jami'o'i da kwalejojinmu su sanya tambayoyi uku su zama wajibi ga kowane mai kare kundi: yaya ka zaɓi mutanenka, mene ne girman abin da ka gano, kuma su wa hukuncinka ya shafa? Ɗalibin da ya amsa su da bakinsa, cikin kalmomin da manomi ko malamin firamare zai fahimta, shi ya cancanci a ce ya koyi ƙididdiga.