Tarihin Gidan Namun Daji na Kano

'Yan makaranta, ko wanenku ya san zaki manyan dawa, ya san kura da kwaɗayinta, amma a tatsuniya. In muka tambayi ajinku wa ya taɓa jin gurnanin zaki da kunnensa, sai a yi tsit. Kakanninmu kuwa ba su bukaci a biya kuɗi a nuna musu ba. Giwa da ɓauna suna cikin dajinsu, kada na cikin gulbin Argungu, gardi kuma yana yawo da kura kasuwa kasuwa da takunkumi a bakinta.

Tara namun daji wuri guda don a yi nazarinsu dabara ce da ta yi ƙarfi a Turai. A birnin Landan an buɗe irin wannan gida a 1828, amma masana kaɗai ke shiga, sai a 1847 aka bar kowa ya shiga in ya biya. A ƙasarmu Jami'ar Ibadan ta fara nata a 1948.

Na Kano kuwa aikin Audu Bako ne, babban ɗan sandan nan da ya yi Gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, wanda ya gina madatsar ruwa ta Tiga. A 1971 ya sa aka kafa gidan a bayan gari, a wani fili mai yawan itatuwa. Aka zuba masa zakuna, da giwa, da raƙumin dawa, da kuraye, da jiminu, da kadoji, da birai iri iri. Mutane suka sa masa suna Gidan Zu, har titin da ya bi ta ƙofarsa ya ci sunan. Ranar Salla sai ka ga yara tuli, kowa na leƙen keji.

To, birni ba ya tsayawa wuri ɗaya. Fili na bayan gari ya koma tsakiyar gidaje da kantuna. A watan Oktoba na 1919 ba wanda zai damu da zaki a can, amma a Oktoban 2019 da wani zaki ya kuɓuce sa'ad da ake mai da shi kejinsa, sai unguwa duka ta kwana ido biyu. Bai fita gidan ba. Wurin awaki ya faɗa ya cika cikinsa, bayan kamar kwana biyu aka samu ya koma. A 2020 gwamnati ta ce za ta ƙaurar da gidan zuwa Tiga. Mu dai a ganinmu, in an kai shi nesa, ɗan talaka ne zai fara rasa shi.

Dalilinmu shi ne dajin da ya kamata yaro ya ga waɗannan dabbobi ya kusa ƙarewa. Zakunan da suka rage a dajin Nijeriya ba su wuce na Yankari da na Kainji ba. A 2018 da giwaye suka ɓullo a ƙasar Koko da Bagudo, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo kamar an ga baƙi daga wata duniya. Raƙumin dawa irin na yammacin Afirka, wanda dā yake yawo daga Senegal har Tafkin Cadi, a 1996 saura 49 kacal, duk a wajen Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai. Da mutanen Nijar suka hana farautarsu, suka yi ta haihuwa har suka haura 600.