Kuru: tarihin cutar da aka laƙaba wa suna “mutuwar dariya”

A shekarar 1957 ne wasu likitoci biyu, Vincent Zigas da Carleton Gajdusek, suka bayyana wa duniya wata cuta da ke cin al'ummar Fore, mazauna tsaunukan gabashin tsibirin Sabuwar Gine, yankin da a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ostiraliya. Mutanen Fore suna kiranta kuru, wato makyarkyata a harshensu. Ƴan jarida kuwa suka laƙaba mata suna “mutuwar dariya”, domin wasu majinyata kan fashe da dariya ba gaira ba dalili. Sunan ya karɓu a jaridu, amma ya ɓata fahimta, domin dariyar ba ta farin ciki ba ce. Alama ce ta ƙwaƙwalwar da ta soma lalacewa har ta kasa riƙe linzamin fuska da murya.

Cutar takan soma da tangaɗi wajen tafiya da rawar jiki. Bayan ƴan watanni majinyaci ya kasa tsayuwa, daga nan ya kasa zama, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Galibi cikin shekara guda rai ya yi halinsa, kuma ba a taɓa samun wanda ya warke ba. A ƙarshen shekarun 1950 kimanin mutum 200 ke mutuwa kowace shekara, akasarinsu mata da yara. Ƙauyuka suka cika da gwauraye da marayu.

Su mutanen Fore sun ɗauki abin a matsayin sammu. Zargi ya shiga tsakanin dangi da maƙwabta, har an kashe waɗanda ake tuhuma. Likitocin farko kuma suka karkata ga cewa cutar gado ce, tunda tana bin iyalai. Kowane ɓangare ya kama bayanin da ya saba da shi, kuma duka biyu sun kuskure.

Haske ya zo ta hanyoyi biyu. A 1959 wani likitan dabbobi, William Hadlow, ya lura cewa ƙwaƙwalwar mamatan kuru ta yi kama da ta tumakin da ke fama da wata tsohuwar cuta mai sa su rawar jiki da gogar fata, ya ba da shawarar a gwada ko tana yaɗuwa. Daga 1961 kuma masana halayyar al'umma, Shirley Lindenbaum da Robert Glasse, suka zauna cikin Fore suna sauraren tsofaffi. Suka gano cewa cutar ba ta daɗe a ƙasar ba, kuma tana tafiya tare da al'adar makoki, inda dangi ke cin naman mamacinsu don girmama shi da nuna ƙauna. Mata da yara ne suka fi cin ƙwaƙwalwa, wadda nan ne cutar ta fi taruwa. Maza manya ba su cika shiga wannan sha'ani ba, shi ya sa akasarinsu suka tsira.

A 1966 Gajdusek da Clarence Gibbs da Michael Alpers suka sanar cewa birai na jinsin shimpanze da aka sa wa ƙwaƙwalwar mamata sun kamu da cutar. Gajdusek ya sami kyautar Nobel a 1976. Sai a 1982 Stanley Prusiner ya kawo bayanin abin da ke haddasa irin waɗannan cututtuka, ya kira shi firiyon: furotin ne na jiki da ya naɗe a karkace, yana kuma karkatar da ƴan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji kamar soso. Shi ma ya sami Nobel a 1997.

Al'adar makokin ta gushe wajajen 1960 saboda hanin hukuma da wa'azin ƴan mishan, kuma waɗanda aka haifa bayan gushewarta ba su kamu ba. Amma kuru ta ci gaba da ɗaukar waɗanda suka halarci makoki tun suna ƙanana, wasu bayan shekara 40 ko fiye, har zuwa shekarun 2000. An lissafa mamata sama da 2,700 tun daga 1957. Da cutar haukan shanu ta bayyana a jikin mutane a Ingila a 1996, tarihin Fore ne masana suka koma wa don sanin tsawon lokacin da irin wannan cuta kan yi a ɓoye.

Dariya marar dalili ba ta tsaya ga kuru ba. Ana ganinta a wasu masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka bugu a kai, da wani nau'in farfaɗiya. Inda duk ba a san asalinta ba, mai yinta yakan sha zargin hauka ko rashin kunya, wani lokaci a ce aljanu ne. Mutanen Fore sun yi shekaru suna neman mai sammu a cikin maƙwabtansu, alhali cutar tana cikin ƙwaryar da suke karrama mamatansu da ita.