Sawun Malami da Ɗalibi a Intanet: Nazari kan Masu Riƙe da Shi a Makarantun Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci sawun da malamai da ɗalibai ke bari a intanet, ta hanyar bitar dokoki da wasu al'amura da suka riga suka fito fili. An ɗora ta a kan ra'in Helen Nissenbaum na dacewar bayani da muhallinsa. Ta nuna cewa kaso mai tsoka na wannan sawu yana hannun wasu ne, saboda haka jan kunnen ɗalibi kaɗai ba zai wadatar ba.

Gabatarwa

Sawun mutum a intanet ya haɗa da abin da ya wallafa, da abin da wasu suka wallafa a kansa, da bayanan da hukumomi suka adana. A Nijeriya waɗannan sun fara haɗewa wuri guda: tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Ke nan wanda ya buɗe shafi da sunan bogi amma da layinsa na gaskiya, ɓuyarsa ba ta yi nisa ba.

Ra'in Bincike

A littafinta na 2010, Nissenbaum ta nuna cewa kowane bayani yana tafe da ƙa'idojin wurin da aka furta shi, kuma cutarwa na aukuwa ne idan aka ɗauke shi zuwa wani wurin. Rahar da ɗalibai ke yi a zauren WhatsApp na aji, 'yan aji aka yi wa ita. Idan sikirinshot ɗinta ya isa teburin shugaban sashe, kalmomin ba su canza ba, amma ma'anarsu ta canza. Bahaushe na cewa magana zarar bunu ce. A intanet, sau da yawa ba mai maganar ke zarar ba.

Maganar da Ta Bar Muhallinta

A 2017 Jami'ar Harvard ta Amurka ta janye gurbin karatu daga ɗalibai aƙalla goma saboda hotunan ɓatanci da suka yi musaya a wani rufaffen zaure na Facebook. A gida kuwa, a Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, rubutun da ya yi tun watan Yuni. An janye ƙarar a Disamba bayan ƙorafin jama'a. Abin lura ga wannan nazari shi ne tazarar: wata biyar rubutun na ajiye kafin ya tashi. Haka nan tun 2019 Amurka ke neman mai neman biza ya rubuta sunayen shafukansa na shekara biyar da suka gabata, a Yunin 2025 kuma ta buƙaci masu neman bizar karatu su buɗe su ga kowa. Rubutun ɗan aji uku na babbar sakandare zai iya tarar da shi ranar da ya tashi neman digiri na biyu.

Malami ya fi ɗalibi shiga tsaka mai wuya, domin lambar da iyalinsa ke kiransa da ita, ita ce ke hannun ɗalibansa da iyayensu, duk suna kallon abin da ya ɗora.

Sawun da Makaranta Ke Riƙe da Shi

A nan ne nazarin ya ga babban giɓi. Makarantu masu zaman kansu na tallata kansu da hotunan yara. Ana tura sakamakon jarrabawa da sunaye da lambobi cikin zaure, kowa ya sauke. Ɗalibi kan miƙa kalmar sirrinsa ga mai shagon kwamfuta domin rajista, wani lokaci ma mai shagon ne ya buɗe masa imel ɗin. Babu ɗaya cikin waɗannan da nasihar “ka kula da abin da kake rubutawa” ke magancewa.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba mutum damar neman a gyara ko a goge bayanansa, sashe na 31 kuma ya sharɗanta yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Makaranta na cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Sai dai gogewa na da iyaka: tana aiki kan hukumar da ke da adireshi, ba ta kai ga wayoyin da hoto ya riga ya shiga ba. Don haka maƙalar ke ganin ya kamata kowace makaranta ta samar da rubutacciyar ƙa'ida kan ɗaukar hoton yara, ta ware layin aiki domin zaurukan aji, ta kuma riƙa isar wa kowane ɗalibi sakamakonsa shi kaɗai.