Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa A Cikin Akwatin Talabijin

Duk wanda ya tashi a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san yadda ake shirin tashe in azumi ya kwana goma. Yara su taru a wani zaure, babbansu ya raba musu aiki. Wanda ya iya tafiyar tsofaffi shi za a manna wa gemun auduga, mai zaƙin baki kuwa shi ne Jatau Mai Magani, sauran su yi amshi. In sun tsaya a ƙofar gida ba damar a ce a dakata a sake. Wanda ya manta waƙarsa ya sha dariya nan take.

To, mai karatu, abin da ya sami masu wasan kwaikwayo ke nan sa'ad da talabijin ya fito, sai dai su ƙofar gidansu ƙasa ce ɗungum. A farkon zamanin talabijin babu hanya mai sauƙi ta ɗaukar hoto a ajiye, don faifan bidiyo bai shiga hannun gidajen talabijin ba sai daga 1956. Saboda haka abin da ɗan wasa ya yi a ɗakin wasa, shi mutane ke gani a gidajensu a wannan lokacin.

Mutanen Amurka suna da wani irin wasa wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa a ciki. A watan Maris na 1955 gidan talabijin na NBC ya kwashe wani irinsa mai suna Peter Pan daga gidan wasa na birnin New York, ya nuna shi kai tsaye. Dabarar da suka yi ita ce ba su canja 'yan wasa ba, waɗanda suka yi watanni suna yinsa a gaban jama'a su aka kawo. Wata mace, Mary Martin, ita ta fito a matsayin yaron, aka ɗaura mata waya ana ɗaga ta sama tana waƙa kamar mai tashi. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 65 suka kalla. A 1957 gidan CBS ya nuna Cinderella, wanda don talabijin aka tsara shi tun asali, aka ba Julie Andrews babban matsayi tana da shekara 21. Masu kallo suka haura miliyan 100.

Wahalar aikin tana wajen zaɓen mutum. Ana son mai murya, wanda kuma ya iya kwaikwayo, sa'an nan ga sharaɗi na uku, watau kada ya ruɗe. A dandali mutum yakan ɗaga murya, ya buɗe hannuwa, don na baya su gani. Amma na'urar ɗaukar hoto takan matso har gaban fuska, ta nuna gumi da ƙiftawar ido. Ga shi an shata wa kowa inda zai tsaya a ƙasa, in ya gota taki ɗaya sai ya fita daga hoto. Na'urori uku ko huɗu suna aiki tare, mai shiri yana wani ɗaki yana zaɓen wadda za a nuna. Canjin tufafi kuwa a guje ake yinsa, kafin waƙa ta ƙare.

A ƙasarmu gidan talabijin na farko a Badun aka buɗe shi, ran 31 ga Oktoba 1959. Can ya tarad da ƙungiyoyin Yarabawa masu yawo gari gari suna wasa da kiɗa da waƙa, irin na Hubert Ogunde da Kola Ogunmola da Duro Ladipo, ya jawo su. Su ba su sha wuyar zaɓe ba, don ƙungiya kusan gida guda ce. A wasan Oba Koso, Ladipo shi ne Sango, matarsa Abiodun ita ce Oya. Shi ko Ogunde, da ya ga iyaye ba su son 'ya'yansu mata su shiga wasa, sai ya riƙa auren matan ƙungiyarsa. Wasan da ke yi da baki a gaban jama'a yana da kaifi: a 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana ƙungiyar Ogunde wasa a ƙasarta saboda Yoruba Ronu, wanda ya taɓa masu mulki.

Kaduna ta sami nata talabijin a 1962. A nan Arewa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani ta makaranta da rediyo ya biyo, kamar Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Malam Shu'aibu Maƙarfi, kuma magana ce ƙarfinsa. Kiɗa kuwa sana'a ce mai gado, tana da masu ita. Sai ya zama ana nuna su Mamman Shata a shiri dabam, 'yan wasa a shiri dabam. A ganina an yi hasara a nan, don tashe ya riga ya nuna Bahaushe ya iya haɗa biyun. Amma wajen zaɓen mutum an yi dace. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja, Hausar bariki kuwa a bakinsa take. Irinsu shi da Ƙasimu Yero sau da yawa ƙashin labari kawai ake ba su, su cika sauran da kansu.

Da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano daga 1990, waƙa ta komo cikin wasa, amma ta ƙofar baya. Mawaƙi ya rera a ɗakin ɗaukar murya, ɗan wasa ya motsa baki a gaban na'ura, in ya kuskure a sake har sai ya yi daidai. Su kuwa Amurkawa sun waiwayi tsohuwar hanya a Disamba 2013, NBC ta nuna The Sound of Music kai tsaye. Aka ba wata shahararriyar mawaƙiya, Carrie Underwood, babban matsayi, alhali ba ta saba da kwaikwayo ba. Masu sharhi a jaridu suka yaba muryarta, suka kushe wasanta, mutum fiye da miliyan 18 kuwa suka zauna suka kalla a daren.